Gawarwakin da aka ce DNA ɗinsu bai dace da na kowace halitta ba

"Assalamu alaikum. Ni malamin bayoloji ne a wata makarantar sakandare. Ɗalibaina sun nuna mini wani bidiyo a waya, inda aka baje wasu ƙananan gawarwaki biyu masu yatsu uku-uku a majalisar dokokin Meziko, aka ce an gwada ƙwayoyin halittarsu an tarar fiye da kashi 30 cikin 100 bai dace da na kowace halitta da aka sani ba. Sun tambaye ni ko wannan ya tabbatar da cewa halittun wata duniya ne, ni kuwa na rasa amsar da zan ba su. Shin gwajin DNA yana iya fitar da sakamakon da masana suka kasa ganewa? Idan haka ta faru, me take nufi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani. Na farko, ko yana yiwuwa a gwada samfuri a samu wani kaso da kwamfuta ta kasa danganta shi da kowace halitta. Na biyu, ko wannan kason hujja ne a kan cewa abin da aka gwada ba daga cikin halittun wannan duniya ya fito ba. Amsar ta farko e ce, kuma yana faruwa kusan a kowane gwaji, har da na jinin da aka ɗiba yau da safe daga hannun mutum mai rai da lafiya. Amsar ta biyu a'a ce, domin kason da ba a gane ba yana ba mu labarin halin da samfurin yake ciki da kuma giɓin da ke cikin rumbun bayanan da aka kwatanta shi da su, kafin ya ba mu labarin komai game da asalin mai samfurin. Aikina a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta yake, mafi yawa a kan kaska da sauro da jinin dabbobi, kuma da abin da nake gani a can zan yi maka bayani.

Bidiyon da ɗalibanka suka gani na zaman da aka yi ne a majalisar wakilan Meziko ranar 12 ga Satumba, 2023, inda wani ɗan jarida mai suna Jaime Maussan, wanda ya daɗe yana yaɗa labaran halittun wata duniya, ya gabatar da gawarwakin biyu ya ce an samo su ne a yankin Nazka na ƙasar Peru a 2017. Ya ambaci babbar jami'ar ƙasar Meziko, UNAM, a matsayin wadda ta auna shekarunsu. Jami'ar ta fito ta bayyana cewa abin da ɗakin gwajinta ya yi shi ne auna shekarun wasu 'yan samfura da aka kawo masa, bai yanke hukunci a kan asalinsu ba. A watan Janairun 2024 kuma, wani masanin binciken gawa na gwamnatin Peru, Flavio Estrada, ya sanar da sakamakon binciken wasu makamantansu da aka kama a filin jirgin saman Lima, ya ce 'yan tsana ne da aka haɗa da ƙasusuwan dabbobi aka manne da gam na zamani. Adalci ne in faɗa cewa waɗanda Estrada ya bincika ba su ne ainihin biyun da aka nuna a majalisa ba, amma sun yi kama da su.

Yadda ake samun kason da ba a gane ba

Mutane da yawa suna zaton cewa ana zura ƙashi a na'ura ne sai ta rubuto sunan mai shi. Aikin ya fi haka tsawo. DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma kundin halittar ɗan Adam yana da kimanin haruffa biliyan 3. Na'urorin da aka fi amfani da su ba sa karanta wannan rubutu daga farko zuwa ƙarshe. Ana farfasa shi ne, na'urar ta karanto miliyoyin guntaye, kowanne mai haruffa kamar 100 zuwa 150, sannan kwamfuta ta ɗauki kowane guntu ta nemi gurbinsa a cikin wani kundin da aka riga aka kammala. Wanda ta samar wa gurbi ta ƙirga shi a cikin "ya dace", wanda ba ta samar wa ba ta ajiye shi gefe. Wannan tarin na gefe shi ne ake fitowa da shi gaban kyamara a kira shi "DNA ɗin da ba a sani ba".

Ka ɗauka cewa gara ta shiga akwatin littattafan wani malami, ta cinye su har suka zama ɓurɓushi, ɓurɓushin kuma ya gauraya da na jaridun da aka shimfiɗa a ƙasan akwatin da na takardar awo da wani ya jefa a ciki. Sai a ba ka sabon kwafin littafi ɗaya a ce ka nemo gurbin kowane ɓurɓushi a cikinsa. Wasu za ka samu. Wasu sun yi ƙanƙanta har ba za ka iya tantancewa ba, wasu tawadar ta dusashe, wasu kuwa dama can na jarida ne. Idan ka tashi da kashi 30 a hannu ba su da gurbi, babu mai hankalin da zai ce aljanu ne suka rubuta su.

Duk waɗannan matsaloli uku suna da takwarorinsu a ɗakin gwaji. Da zarar halitta ta mutu, DNA ɗinta zai fara karyewa, zafi da danshi suna ƙara masa sauri. A tsohon ƙashi, guntayen da suka rage sau da yawa ba sa kai haruffa 100, kuma a bakin guntayen harafin C kan lalace na'ura ta karanta shi a matsayin T. Guntu gajere mai kurakurai yana da wuyar samun gurbi ko da na mutum ne tsantsa. Bayan haka, gawa ba ta zama ita kaɗai: bakteriya da funfuna da ƙwarin ƙasa suna shiga su zauna a cikinta, kowanne ya bar nasa DNA. Masu aiki a kan tsofaffin ƙasusuwa sun saba ganin samfurin da DNA ɗin mai ƙashin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka karanto ba, sauran duk na ƙananan halittun ƙasa ne. Kuma mafi yawan bakteriyar da ke cikin ƙasa ba a taɓa raino su a ɗakin gwaji ba, da yawansu babu su a rumbun bayanai. Da za ka ɗebo ƙasa cokali ɗaya daga bayan ajinku a gwada ta, kason da ba za a gane ba zai ba ɗalibanka mamaki fiye da na bidiyon.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Kundin halittar ɗan Adam da ake kwatanta kowa da shi an haɗa shi ne daga mutane ƙalilan, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 nasa daga mutum ɗaya ne a birnin Bafalo na Amurka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa nazarin mutum 910 masu asalin Afirka, suka tattara guntayen da suka ƙi samun gurbi a wancan kundi, suka tarar jimillarsu ta kai kusan haruffa miliyan 300, wato kamar kashi 10 cikin 100 na girman kundin. Wannan jimillar ta dukan mutanen ce a haɗe, ba ta mutum ɗaya ba. Shi kansa kundin ba a cike giɓin da ke cikinsa ba sai a 2022, lokacin da aka ƙara masa kusan haruffa miliyan 200 da tsofaffin na'urori suka kasa karantawa. Ke nan da ni da kai muna ɗauke da rubutun da kwamfuta za ta iya ajiyewa gefe ta ce ba ta san shi ba.

Gurɓata

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin mana tuwo a ƙwarya, kuma ba ta bar manyan ɗakunan gwaji na duniya ba. 'Yan sanda a Jamus da Ostiriya da Faransa sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka riƙa samun DNA ɗinta a wuraren aikata laifi kimanin 40, tun daga wani kisa na 1993, har da kisan wata 'yar sanda a birnin Hailburon a 2007. Laifuffukan ba su yi kama da juna ba, babu wanda ya taɓa ganin fuskarta, aka sa ladan yuro 300,000 ga wanda ya taimaka aka kama ta. A watan Maris na 2009 aka gano cewa DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke sarrafa tsinken audugar da 'yan sanda ke goge wurin da aka yi laifi da shi. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin audugar kafin a sayar, amma kashe ƙwayar cuta bai kawar da DNA ba.

Irin wannan ya taɓa faruwa a gabana, a ƙaramin mataki. Wani ɗalibi da nake duba aikinsa yana neman ƙwayar cuta a jikin kaskar da aka tsinko daga shanu. Ya yi gwajin PCR, wanda ke ninka guntun DNA ɗin da ake nema har a iya ganinsa, ya zuba samfuran a ramukan jel, ya kunna fitila, sai ga layi ya fito fes a duk ramukan, a wani matsayi da bai yi daidai da na ƙwayar da yake nema ba. Ya zo ofishina yana haki, yana ganin ya gano sabuwar halitta. Na bi shi muka tsaya a kan hoton, na ɗora yatsa a kan rami na ƙarshe, wanda ƙa'ida ta ce a zuba masa ruwa zalla ba tare da samfuri ba, domin ya zama shaida a kan tsabtar aikin. Layin yana nan a ciki shi ma, ɗan dishi-dishi. Muka bi kayan aikin ɗaya bayan ɗaya na kwana uku, a ƙarshe muka tarar kwalbar ruwan da kowa ke ɗiba a ɗakin ce ta gurɓata. Tun daga lokacin ba na duba sakamakon kowa sai na fara duba ramin ruwan, kuma shi ne abu na farko da nake nema a duk rahoton da aka ce an samu abin mamaki. Gawar da ta bi ta hannun masu haƙar kaburbura da dillalai da masu ɗaukar fim, kowa yana taɓa ta da hannu yana numfashi a kanta, za ta zo ɗakin gwaji ɗauke da DNA ɗin mutanen da ba su ƙirguwa.

Yarinyar Atakama

Idan ɗalibanka suna son misalin da aka bi diddiginsa har ƙarshe, wannan ne. A 2003 aka tsinci wani ɗan ƙaramin ƙwarangwal a La Noriya, wani tsohon garin masu haƙar ma'adinai da ya zama kufai a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Tsawonsa santimita 15 ne, kamar tsawon biro. Ƙoƙon kansa dogo ne mai tsini, kuma an ƙirga masa haƙarƙari goma a kowane ɓangare maimakon goma sha biyu. Ya bi ta hannun masu saye da sayarwa har ya kai ga wani ɗan kasuwa a Sifaniya, aka sa masa suna Ata, aka yi fim a kansa a 2013 ana nuna alamar halittar wata duniya ce.

Garry Nolan, farfesa a Jami'ar Stanford, ya karɓi ɗan ɓargon da aka cire daga haƙarƙarin ya gwada. A binciken farko kimanin kashi 8 cikin 100 na guntayen bai dace da kundin ɗan Adam ba, kuma wannan adadi ne masu yaɗa labari suka riƙe suka yi ta yayatawa, ko da yake shi Nolan tun a lokacin ya ce mutum ne. Da aka sake aikin da hanyoyin da suka fi inganci, kason da ya dace ya haura zuwa kusan kashi 98. A watan Maris na 2018 aka wallafa cikakken sakamakon: mace ce, 'yar Adam ce, asalinta ya haɗa da na 'yan asalin yankin Chile, kuma an samu sauye-sauye a wasu ƙwayoyin gado bakwai masu alaƙa da ginin ƙashi. Ka lura da abin da ya faru da kashi 8 ɗin nan. Samfurin bai canza ba, aikin ne ya inganta, sai kason ya ragu.

Maganar ba ta tsaya nan ba, kuma ci gabanta ya fi koyar da yadda kimiyya ke aiki. A cikin shekarar, wasu masana ƙashi ƙarƙashin jagorancin Siân Halcrow ta Jami'ar Otago a New Zealand suka fitar da martani. Suka ce ƙwarangwal ɗin ba shi da wata baƙuwar siffa da ke buƙatar bayanin ƙwayoyin gado, domin ɗan tayi ne mai kimanin mako 15 a ciki, wanda ƙananan haƙarƙarinsa ba su gama zama ƙashi ba, ƙoƙon kansa kuma mai laushi ne da matsi zai iya sauya masa siffa. Ɓangarorin biyu sun saɓa a kan ko tana da cutar ƙashi, amma babu wanda ya yi jayayya a kan cewa mutum ce. Masana a Chile sun yi tir da yadda aka fitar da ita daga ƙasar aka kuma yi bincike a kanta ba da izini ba, shi ma Nolan ya ce ya kamata a mayar da ita a binne.

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai wata uwa da ta yi ɓari a wancan gari, ta naɗe 'yarta ta ajiye, aka zo aka ɗauke ta aka sayar aka sa ta a fim. A wurinmu, ɗan da aka yi ɓarinsa ana suturta shi a binne, ba a mai da shi abin kallo. Masana tarihin Peru suna nuna irin wannan fargaba a kan gawarwakin Nazka, cewa ana wawashe tsofaffin kaburbura ana yanka ƙasusuwan mutane na gaske domin a haɗa abin sayarwa. Ina ganin ya dace ɗalibai su san cewa a bayan irin wannan bidiyo akwai gawar wani.

Labarin dodon nan na tsaunukan Himalaya da ake kira yeti ma haka ya ƙare. Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya nemi duk mai gashin da yake zaton na irin waɗannan dodanni ne ya aiko masa. A 2014 ya wallafa sakamakon samfura 30 da aka iya karantawa, aka samu dabbar beyar da doki da saniya da kare da tunkiya, har da gashin mutum. Biyu daga ciki ya ce sun yi kama da wata tsohuwar beyar ta yankin ƙanƙara, amma da wasu masana suka sake dubawa suka nuna cewa guntun da ya dogara da shi, mai haruffa 104, ya yi gajarta ga irin wannan hukunci. A 2017 Charlotte Lindqvist ta gwada wasu samfura tara, takwas suka fito na beyar, ɗaya na kare.

Idan sabon abu ne da gaske

Ba na son ɗalibanka su tashi da tunanin cewa masana suna ƙin duk wani sabon abu. Babu abin da mai bincike yake fata kamar ya ci karo da shi. A 2008 aka tono wani ɗan guntun ƙashin yatsa a kogon Denisoba da ke tsaunukan Altai na Saberiya. Da Svante Pääbo da abokan aikinsa a Laifzig ta Jamus suka karanta DNA ɗinsa, sai suka tarar ba na mutanen yau ba ne, ba kuma na Niyandatal ba ne, wato wasu mutanen dā da aka riga aka sani waɗanda suka ƙare. A 2010 suka sanar da wata al'umma ta mutanen dā da ba a taɓa sanin da ita ba. Dubi bambancin wannan da na bidiyon. Guntayen ba su watse sun ƙi samun gurbi ba: sun jeru a kan kundin ɗan Adam, suna da bambance-bambance masu tsari da ke maimaita kansu, har aka iya nuna inda reshensu ya rabu da namu. An ga alamar lalacewar harafin C da ke tabbatar da tsufa. An saki bayanan ga kowa, wasu ɗakunan gwaji suka duba, aka samu haƙora a kogon masu irin wannan DNA, sannan aka gano burbushinsa a jikin mutanen Papuwa da maƙwabtansu da ke raye yau. A 2022 aka ba Pääbo kyautar Nobel.

Akwai misali na kusa da gida. Wani iyali na baƙaƙen fatar Amurka daga jihar Karolina ta Kudu sun aika samfurin wani namiji nasu ga kamfanin gwajin asali, sai kuromosom ɗinsa na Y, wanda ɗa ke gada daga uba, ya ƙi shiga kowane rukuni da aka sani. Aka ci gaba da bincike har aka wallafa a 2013 cewa wani reshe ne da ya rabu da sauran tun fiye da shekara 200,000, aka sa masa suna A00, aka kuma samu irinsa a jikin wasu maza 'yan ƙabilar Mbo a yammacin Kamaru. Sakamakon da ba a gane ba ne da farko, kuma amsarsa tana maƙwabtanmu.

Akwai wata hujja ta hankali da za ka iya sa wa ɗalibai a gaba. Duk halittun duniya, daga bakteriya zuwa giwa, da haruffa huɗun nan suke rubutu, kuma da su aka gina sinadaran da na'urorinmu ke aiki da su. Wanda ya ce kashi 30 ba a gane ba, ya yarda ke nan cewa kashi 70 an gane. Abin da na'urar ta iya karantawa, har kashi 70 nasa ya dace da halittun da muka sani, ya riga ya shaida cewa ɗan wannan duniya ne.

Abin da nake tambaya kafin in karɓi sakamako

Malamanmu na hadisi ba sa duba matani sai sun duba isnadi: wa ya ji daga wa, kuma akwai yankewa a tsakani ko babu. Haka muke yi da samfuri. Ina son in san wanda ya tono shi, a ina, da wane hoto ko rubutu, hannun wa da wa ya bi, kuma wa ya yanki guntun da ya kai ɗakin gwaji. Idan silsilar ta yanke, to sakamakon yana magana ne a kan guntun da aka kawo kawai. Abin da UNAM ta faɗa ke nan. Ɗakin gwaji zai iya cewa fatar da aka ba shi ta shekara dubu, ya kuma yi gaskiya, alhali an samo fatar ne daga wata tsohuwar gawa aka lulluɓe ƙashin dabba da ita.

Daga nan sai in tambayi abin da aka kwatanta guntayen da shi, domin idan da kundin ɗan Adam kaɗai aka kwatanta, to duk DNA ɗin bakteriya da na wake da na tunkiya zai faɗa cikin "ba a sani ba". Sai in nemi sakamakon ramin ruwa zalla. Sai in ga ko an ɗauki samfuri daga sassa daban-daban na jikin, kai da hannu da ƙirji, tunda idan haɗa gawar aka yi, sassan za su ba da amsoshi mabambanta. Na ƙarshe shi ne ko wani ɗakin gwaji da ba shi da riba a cikin maganar ya maimaita aikin ya samu abu ɗaya, kuma ko an wallafa shi a mujallar da wasu masana ke tantancewa. A 2013 wata likitar dabbobi a Amurka, Melba Ketchum, ta ce ta tabbatar da DNA ɗin dodon dajin da suke kira Bigfoot, amma mujallar da ta buga aikin sabuwa ce da ita kanta ta mallaka, kuma masanan da suka duba bayanan sun ga gaurayen DNA ɗin mutum da na dabbobi.

Inda abin ya fi shafar gidajenmu

Tambayarka ta ƙarshe ta wuce gawarwakin Meziko, domin sakamakon da ba a gane ba yana shiga gidaje ya yi ɓarna. An gaya wa miji cewa shi AA ne, matar AS, sai ga yaro ya fito da sikila, zargi ya faɗa kan matar. Abu na farko da ya kamata a yi shi ne a sake gwajin iyayen biyu a wani wuri mai inganci, domin kuskuren gwaji da musayar kwalba suna faruwa, kuma wanda aka ƙara wa jini a cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa zai iya ruɗarwa. Bayan haka akwai wata larura ta gado da ake kira bita-talasimiya: mai ɗauke da ita zai iya fitowa AA a gwajin da aka saba yi, amma idan ya haɗu da mai AS su haifi yaron da gwajinsa da ciwonsa suke kama da na SS. Likitan jini yana da hanyar tantance wannan.

Ko gwajin DNA na tabbatar da iyaye yana da nasa abin mamakin, ko da yake ba kasafai ba. A 2002 a jihar Washington ta Amurka, gwaji ya nuna cewa wata mata ba ita ce uwar 'ya'yanta ba, har aka kai ta kotu. Aka sa shaida ya tsaya a kan haihuwarta ta uku, aka gwada jaririn, shi ma ya fito ba nata ba. Daga baya aka gano cewa tana ɗauke da DNA iri biyu a jikinta, saboda tun tana ciki ta haɗe da 'yar tagwaicinta suka zama jiki ɗaya, kuma samfurin da aka ɗauka daga bakin mahaifarta ya dace da yaran. Wanda aka yi wa dashen ɓargo shi ma jininsa zai nuna DNA ɗin wanda ya ba shi.

Ni dai ban riƙe gawarwakin Meziko a hannuna ba, kuma hukunci a kan siffar ƙashi aikin masana ƙashi ne, ba nawa ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne cewa adadin kashi 30 ɗin nan, shi kaɗai, bai isa hujjar komai ba, kuma ga wanda ya saba da tsofaffin samfura bai ma kai abin ɗaga gira ba. Idan makarantarku tana da kwamfuta da intanet, akwai darasin da za ka iya yi a awa ɗaya. Cibiyar NCBI ta Amurka tana da rumbun GenBank da manhajar BLAST, duka kyauta ne. Ka kwafo wani jerin haruffa kamar 300 na akuya ko na masara daga rumbun, ka ba ɗalibai ba tare da ka gaya musu na mene ne ba, su liƙa a BLAST su ga yadda take gano shi. Sannan su rage shi zuwa haruffa 20, su canza uku ko huɗu daga ciki da hannunsu, su sake nema. Za su ga amsar ta rikice ko ta ɓace gaba ɗaya, alhali su da kansu sun san akuya ce.